Sunan da Inna Ta Tsallake

Daminar bana ta cika shekara shida da rasuwar yayana Nasiru. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan dafa shinkafa da wake in raba wa maƙwabta sadaka, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Ni ba marubuciya ba ce, malamar firamare ce a Gaya, allo da alli na sani. Amma bana shirun ya gagare ni. Wani abu ya faru a gidanmu wanda har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, kuma na lura in ban fitar da shi ba zai ci gaba da tokare mini ƙirji. Shi ya sa na roƙi wannan fili a jarida.

Wanda ya san Gaya da Ajingi zai yi wuya a ce bai taɓa jin an ambaci "shafin Nasiru" ba. Wanda bai sani ba kuma bari in yi masa bayani. Mu 'yan wani ƙauye ne a gefen Gafasa. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, danginsa makiyaya ne, tuni suka yi gabas da shanunsu, sai dai labari. Inna ce ta riƙe gidan da noman gero da gyaɗa. Mu biyar ta haifa, Nasiru ne babba, ni ce ta uku, kuma ni ce mai bakin gidan, wannan kowa ya shaida. Shi kuwa mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa, in ka zage shi sai ya tambaye ka ko ka ci abinci. Ya yi karatun kwamfuta a Kano, ya zauna can yana gina wa 'yan kasuwa shafukan intanet, amma duk ƙarshen mako yana cikin motar Ajingi, jakarsa a kan cinya.

Wajen wata ta'aziyya abin ya samo asali. An binne wani dattijo a Kademi, ana zaman makoki sai gardama ta kaure tsakanin jikokinsa a kan ko kakar kakarsu 'yar wane gida ce. Kowa ya ce ai Malam ne ya sani, Malam kuwa ga shi an baro shi a makwancinsa. Ranar Nasiru ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Daga satin ya fara bin gidaje da wayarsa, yana durƙusawa gaban tsofaffi yana naɗar muryarsu: wane ne kai, wa ya haife ka, wa ka haifa. Kowane mutum ya yi masa shafi da hotonsa da muryarsa, a ƙasa kuma sunayen 'ya'yansa da shuɗin rubutu. Ka taɓa suna ya kai ka shafin mai sunan, daga nan ka gangara kan nasa 'ya'yan, har ka iso kan jaririn da aka raɗa wa suna jiya. Doka ɗaya ya kafa wa kansa, ba ya rubuta wa tsoho abin da bai faɗa da bakinsa ba. Ya ce ran da ya fara gyara wa mutane zancensu, ran nan shafin ya tashi daga nasu ya koma nasa.

Da farko an yi masa dariya, ni ce kan gaba. Na ce Yaya, mutanen da sai sun hau kan juji sun ɗaga waya sama kafin su samu sabis, su za ka gina wa gida a intanet? Ya ce ai saboda su ne ma ya ƙi yin shafi irin na birni, wanda sai ka taɓa sannan na'ura ta fara haɗa maka shi. Nasa a shirye suke tun kafin a nema, kamar mai tuwon kasuwa da ta kwashe malmalarta ta jera kafin masu saye su iso. Ko 'yar ƙaramar waya ce, ko sabis ɗin rarrafe yake yi, shafin zai buɗe.

Da gidajen suka yi yawa, shirya su ɗaya bayan ɗaya da hannu ya fi ƙarfinsa, sai ya rubuta wata 'yar manhaja ta riƙa yi masa. Aikinta yawo. Duk Juma'a takan tashi da kanta ba mai taɓa ta, ta fara daga shafin farko, wanda yake kira zaure, ta bi duk wani shuɗin suna da ta gani, ta shiga, ta kwafi shafin ta ajiye shi a shirye, ta bi sunayen da ke cikinsa su ma, har sai ta rasa inda za ta sa ƙafa. In ta gama sai ta kwashe tsofaffin shafukan ta jera sababbi, sannan ta zana taswirar duk inda ta shiga ta miƙa wa injunan bincike, don in wani a Legas ko Makka ya rubuta sunan kakansa ya same shi. Ni na raɗa wa abin suna Sarkin Yawo don tsokana, sunan kuma ya zauna. Nasiru ya ce ai zumunci a ƙafa yake, tunda mu mun yi nauyin ƙafa bari ya samo mana mai zagayawa.

Ciwo ya kwantar da shi a farkon damina, bai jima ba Allah ya karɓi abinsa. Ya bar matarsa Bilkisu da 'ya ɗaya, mai sunan Inna, muna kiranta Ummi. Daga baya Bilkisu ta yi aure a Kano, Ummi ta dawo hannuna. Shafin kuma amininsa Auwalu ya karɓa, mai shagon kwamfuta a kusa da tashar Gaya, shi ke bin tsofaffi yanzu, shi ke ƙara sunan duk jaririn da aka haifa. Sarkin Yawo bai san an yi mutuwa ba, duk Juma'a yana fita aikinsa. Ni dai tun ranar da aka fita da Yaya ban ƙara neman shafinsa na kansa ba. Na san akwai muryarsa a ciki, kuma na san zuciyata.

Sau da yawa nakan zauna in ce, da Nasiru zai leƙo yau me zai ce? Sabis ya wadata, har a gonar Inna waya tana kamawa. Tsofaffin da suka riƙa ɓuya a bayan rumbu in sun hango shi da waya, yanzu su ke aiko jikoki wai a canja musu hoto, na da ya tsufar da su. Wannan na san zai ba shi dariya har da riƙe ciki. Auwalu ya ce mini yanzu ba Sarkin Yawo kaɗai ke zagaya shafin ba, akwai wasu masu yawon barkatai daga ƙasashen waje da ke bin taswirar nan suna kwasar abin da ke ciki, suna ɗura wa na'urorin da ake yi wa tambaya su ba da amsa. Ka tambayi waya wa ya haifi wane na Kademi, ta gaya maka da Hausa. Wannan zai sa ya riƙe baki. Amma akwai wanda na tabbata zai ɓata masa rai. Masu neman aure sun mayar da shafin wurin bincike, kafin a aika a tambayi halin gida an riga an leƙa an ƙirga kakanni. Abin da ya gina don a san juna ya fara zama sikelin auna asali, wanda ba a gani a ciki ba sai a fara kallonsa a kaikaice.

Ban san sikelin nan zai hau kan gidanmu ba sai watan jiya. Ummi tana da shekara goma yanzu, tana aji biyar a wata makaranta da ba tawa ba. Malaminsu, da kyakkyawar niyya, ya kawo wayarsa aji ya ce kowa ya zo ya nemo gidansu a shafin Nasiru ya karanta wa 'yan aji kakanninsa. Ranar Ummi ta shigo gida ba sallama, ta yar da jaka a tsakar gida, ta shige ɗaki ta kwanta ruf da ciki. Na bi ta da faɗa, don ban san ta da wannan ba. Sai ta ɗago ta ce, "Gwaggo, mu ba mu da asali ne?"

Na ce wane ɗan banzan ne ya gaya miki haka? Ta ce kowa ya ga sunansa ban da ita. Malam ya nema, ya sake nema, babu ita babu Abbanta. Wata yarinya ta ce ashe Ummi tsintacciya ce, aji ya kwashe da dariya.

Na yi tsaki na jawo wayata. Na ce shafin ubanki ne, da hannunsa ya gina shi, malamin naku ne bai iya nema ba. Na buɗe zaure, na gangara can ƙasa inda na san sunan Yaya yake da shuɗin rubutu tun farko. Sunan ba ya nan. Hotonsa ne a wurin, sanye da farar hula, an rubuta masa addu'a mai kyau a jiki. Na taɓa hoton, bai kai ni ko'ina ba. Na yi ta dannawa har yatsana ya yi zafi. Na buɗe shafin Inna, ga mu nan mu huɗu, Tasi'u, ni Hajara, Sa'adatu da auta Ibrahim, kowa da 'ya'yansa a ƙarƙashinsa. Na koma injin bincike na rubuta cikakken sunan Yaya da sunan ƙauyenmu, ya kawo mini Nasirun duniya ban da namu. Na zauna a ƙasa daɓas. Ummi tana tsaye a kaina tana jiran in nuna mata.

Washegari da sassafe muka dira shagon Auwalu ni da ita. Ban ko zauna ba na ce, "Malam Auwalu, ina ka kai mana Nasiru?" Ya zaci wasa nake. Ya buɗe taswirar da Sarkin Yawo ya zana ta ƙarshe, ya nemi sunan, babu. Ya buɗe ta bara, babu. Ya yi ta komawa baya, fuskarsa tana canjawa, har ya isa shekarar rasuwar. Nan ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur, ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ya maimaita ya fi a ƙirga.

"Hajara, ni ne," ya ce. "Ranar addu'ar arba'in na ga layin nan na ƙasa ya yi masa kaɗan, rubutu tsura kamar na kowa. Na cire shi na sa hoton nan da addu'a, don duk wanda ya shigo ya yi masa. Ban ɗaura wa hoton hanyar zuwa shafinsa ba. Ban san ita kaɗai ce ƙofarsa ba."

Ashe Sarkin Yawo ba ya tsallake katanga. Inda babu shuɗin suna ba ya shiga, abin da bai shiga ba kuma ba ya cikin sababbin shafukan da zai jera, ba ya cikin taswira. Juma'ar da ta biyo bayan arba'in ya fita kamar kullum, bai ga hanyar gidan maigidansa ba, ya kwashe tsofaffin shafukan har da na Nasiru da na Ummi da ke rataye a ƙarƙashinsa, ya jera sababbi babu su. Garin gyaran gira aka rasa ido. Kusan shekara shida ke nan, kuma babu mahaluki ɗaya da ya lura. Kowa in ya shiga gidansu yake nufa, ya ga hoton a hanya ya ce Allah ya jiƙansa ya wuce. Garin nan kaf yana cewa shafin Nasiru, shafin Nasiru, alhali babu Nasiru a ciki. Mu da muka fi kusa da shi kuma mun kasa zuwa.

Tashin hankalin bai ƙare nan ba. Asalin muryar da rubutun suna nan a ma'ajiyar da ake ɗebo komai daga ciki, Auwalu ya lalubo su. Sai dai a ƙarshen watan yake shirin kwashe shafin zuwa sabuwar ma'ajiya a rufe tsohuwar, kuma abin da ke cikin taswira kaɗai ya yi niyyar ɗauka, a ganinsa sauran tarkace ne. Da malamin su Ummi bai kawo wayarsa aji ba, da muryar Yaya ta tafi tare da shara, mu kuma muna nan muna raba shinkafa da wake.

Mai karatu zai ce, to me ya sa tun farko sunansa ba ya ƙarƙashin mahaifiyarsa kamar na kowa? Ina wurin ranar da ya naɗi muryar Inna, a gindin darbejiyar tsakar gidanmu. Ya durƙusa kamar yadda yake yi wa kowane tsoho, ya ce Inna wa kika haifa? Ta kawar da kai ta fara, "Akwai Tasi'u, akwai Hajara." Na ce Inna kin tsallake ɗaya. Ta ce, "Ke, rufe mini baki, marar ta ido." Nasiru ɗan fari ne, Inna kuma Bafulatana ce ta asali. Tun yana ƙarami kakarmu ta ɗauke shi, a hannunta ya tashi har ta rasu. Ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba, in za ta yi zancensa sai ta ce "yayanku" ko "wancan". Ko ranar da aka fita da shi ita ce ke ba mutane haƙuri, idonta a bushe. Shi da ke riƙe da wayar murmushi kawai ya yi, ya koma Kano ya rubuta huɗu kamar yadda ta faɗa. Dokarsa ta ci shi, bai kuma karya ta don kansa ba, sai ya raɓa sunansa a ƙasan zaure inda masu gina shafi ke sa hannu. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ban taɓa tambayarsa ko abin ya yi masa ciwo ba, shi ma bai taɓa faɗa ba.

Auwalu ya ce yanzun nan zai gyara, ya ɗaura wa hoton hanya, Juma'a mai zuwa komai ya dawo. Na ce alhamdulillahi. Sai Ummi ta ce, "Baba Auwalu, ni ba a bakin ƙofa nake so a sa mu ba. 'Ya'yan Baffa Tasi'u duk a ƙarƙashin Inna suke. In aka buɗe Inna ba a gan mu ba, ai cewa za su yi ba ita ta haifi Abba ba."

Yarinyar ta fi mu gaskiya. Na ce to ka rubuta shi a saman Tasi'u mana, wa zai kai ƙara? Auwalu ya girgiza kai. "Na yi masa ɓarna ɗaya cikin rashin sani, ba zan yi ta biyu ina sane ba. Ki kawo mini muryar Inna, ko kalma ɗaya ce, in sa." Na zazzaga masa abin da ya sawwaƙa, ya sunkuyar da kai ya shanye, amma bai motsa ba. A raina na ce lallai ba banza suka yi abota da Yaya ba, taurin kan masu sanyi iri ɗaya ne.

Ranar kasuwar Ajingi muka shiga mota ni da Ummi, daga can ɗan acaɓa ya ƙarasa da mu gida. Muka tarar da Inna a kan tabarma tana ɓarar gyaɗar iri. Duk hanya ina shirya yadda zan lallaɓa ta, amma hali zanen dutse, ko gama gaisawa ba mu yi ba na fara. Na ce Inna, fiye da shekara arba'in kina ɓoyon sunan bawan Allahn nan, ya mutu bai ji shi a bakinki ba, yanzu ga shi kunyarki ta shafe shi daga abin da ya gina da hannunsa, ta shafe 'yarsa. Na faɗi wasu maganganun da ba zan sa a jarida ba. Inna ba ta daina ɓarar gyaɗarta ba.

Da na yi shiru ta ce, "To wa bai san shi ba? Duk wanda ya ji na fara daga Tasi'u ai ya san akwai na gabansa. Wanda aka tsallake ai shi ne babba."

Na ce mutum ne ya san haka, Inna. Wannan abin ba mutum ba ne, abin da aka faɗa kawai yake bi.

"Shi bai san kunya ba?"

Na ce bai sani ba.

Sai a lokacin na gane duk shekarun nan Inna tana zaune ne da yaƙinin ta ba ɗanta wuri mafi girma, kuma kowa ya gani. Ta juya wajen Ummi ta ce, "Takwara, zo nan. Me suka ce miki a makarantar?" Ummi ta faɗa mata. Hannun Inna ya tsaya cak a cikin ƙwaryar. "Tsintacciya," ta ce a hankali. "Jinin nawa?" Ban taɓa ganin fuskar Inna haka ba, har sai da na tsorata. Sannan ta ce, "Ke Hajara, ba yarinyar nan wayar. Tashi ki je ki gaida mutan gidan Liman, kada ki dawo sai na aiko."

Na fita ina cika ina batsewa. Da aka kira ni na tarar Inna ta koma kan gyaɗarta kamar ba a yi komai ba, Ummi kuma idanunta sun yi ja, ta ƙanƙame wayar a ƙirji. Ta ce Inna ta sa ta yi alkawari ba zan ji ba sai abin ya hau shafi, kuma ba a gabanta ba. Ni da ba na iya ganin ƙulli ban kwance ba, haka na kai wa Auwalu wayar ban saurara ba. Ya maƙala abin sauraro a kunne ya ji shi kaɗai, ya tashi ya zagaya bayan shago, ya jima bai dawo ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Sarkin Yawo ya fita. Ina zaune da waya a hannu, Ummi ta maƙale a kafaɗata. Na buɗe shafin Inna, ga sunaye biyar, Nasiru a sama. Ummi ta riga ni taɓawa. Hoton ubanta ya fito, ta gangara ta ga sunanta da shuɗi a ƙarƙashinsa, ta taɓa, ta koma, ta sake taɓawa. Sai ta ce in ara mata wayar ran Litinin, akwai wadda za ta nuna wa. Na ce har malamin ma ki nuna masa. Ta fita da gudu ta gaya wa 'yan maƙwabta, ta bar ni da sabuwar muryar Inna.

Na danna. Da farko ƙarar ɓawon gyaɗa ce, da kukan kaza can nesa, da muryar Ummi tana cewa, "Inna, ya fara ɗauka." Shirun ya yi tsawo har na zaci abin ya tsaya. Sai Inna ta gyara murya ta ce, "Na farkonsu Nasiru. Ni na haife shi. Ummi 'yarsa ce, jinina ce." Da ƙarfi ta faɗa, irin yadda ake ba da shaida a gaban alƙali. Na ɗauka ƙarshen ke nan. Amma Ummi ba ta kashe ba, Auwalu kuma bai yanke ba. Bayan wani shirun sai na ji ta sake cewa "Nasiru", wannan karon ƙasa-ƙasa, ba da wayar take ba, irin kiran da uwa ke yi wa ɗanta in yana ɗaki ita tana tsakar gida. Sannan muryarta ta karye.

Na kusa shekara arba'in a duniya ban san bakin Inna ya iya wannan sunan ba. Na kifa kaina a gwiwa na yi kukan da ban yi irinsa ba ko ranar rasuwar.

Da Yaya zai ji cewa Sarkin Yawonsa ya yar da shi a hanya, na san dariya zai yi, ya ce ai abin da aka sa shi ya yi, sannan ya zauna ya gyara. Auwalu ya yi gyaran. Yanzu duk Juma'a in Sarkin Yawo ya gama zagaye sai ya gwada abin da ke ma'ajiya da abin da ke taswira, ya kai rahoton duk wanda bai samu ƙofarsa ba. Satin farko ya fito da wasu 'yan tsiraru, kuma abin da ya ƙara daskarar da ni, yawancinsu 'ya'yan fari ne da suka rasu ko suka yi nisa da gida, babu mai yi musu ƙorafi. Mutanen Gaya da Ajingi, kowa ya buɗe gidansu ya duba.

Me ya rage na Yaya bayan shekara shida? Shafin yana nan, amma na ga da idona yadda hoto ɗaya na girmamawa ya kusa share shi daga cikinsa, ban ƙara yarda da masu cewa abin da aka sa a intanet ba ya ɓata ba. Dokarsa dai ta rage, tunda ta samu wanda ya riƙe ta ko ana zaginsa. Da Auwalu ya bi tawa ya rubuta sunan da hannu, da an samu shuɗin rubutu, Inna kuma ta tafi kabari da abin da ke ƙirjinta.

Har yanzu ban gama hucewa ba. Ina jin haushin cewa sai da na'urar da ba ta san kunya ba ta yar da shi, sai da aka kira marainiyarsa tsintacciya a gaban aji, sannan ya samu abin da mu huɗun muke samu kullum a banza in Inna za ta aike mu ɗebo ruwa. Shi bai ji ba, ba kuma zai ji ba. 'Yarsa ta ji, ita ce ma ta riƙe wayar. Allah ya jiƙan Yaya Nasiru, ya haskaka makwancinsa, ya raya abin da ya bari.